Kaucin da Na Kawo wa Inna

Gidanmu a unguwar Amrigebe ƙamshin itace yake yi. Kakata ta wajen uwa ce ke da ɗakin da ke kusa da zaure, amma saiwoyi da sassaƙe sun ƙwace rabinsa, ga ganye shanye a kan tsofaffin buhuna har bakin gadonta. Mata ne ke zuwa wurinta, Hausawa da Larabawa da Barebari. Mai jego a dafa mata sabara. Wadda shawara ta kama ta sha rai-ɗore tana yamutsa fuska, Kaka na tsaye a kanta har sai ta ga gindin kwanon. Kakanninta sun taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a nan bakin kogin Shari don su huta, har yau ba a ɗaure kaya ba. Takan ce ba su bar mata gona ba, sunayen itatuwa kawai suka bar mata.

Ni sunayen na fi so a kan maganin. Da na shiga lise, wato babbar sakandare, sai na riƙa koyo su da Faransanci, in dawo in karanta mata daga littafina.

"To, Likita," in ji ta, "wannan dogon sunan, in kin kira shi da shi yana amsawa?"

"Itace ba ya amsawa, Kaka."

"Ke ce ba ya amsa wa. Miƙo min turmin nan."

Mu biyu Inna ta haifa, Yaya sannan ni, shekara bakwai tsakaninmu. Babanmu ya rasu ban yi wayo ba. Yaya a mayankar unguwar Farsha yake aiki, wajen masu sa wa fata gishiri, kullum ya dawo da yamma da warin da sabulu ba ya fitarwa. Kaka takan toshe hanci ta ce angonta ya dawo da turarensa, shi kuma ya ajiye mata hanta naɗe cikin takarda ya ce ga toshi, a yi haƙuri da talaka. Da samarin unguwa suka fara tafiya arewa haƙar zinariya, ya daɗe yana cewa shi ba inda za shi. Sai wata rana ya ce zai je.

Shi ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Wannan kunyar da ita muka taso, kowa ya san uwa ba ta kiran ɗanta na fari. "Wancan" take ce masa, ko "yayanki", in kuma ya ɓata mata rai, "mutumin Farsha". Ranar da zai tafi tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ya durƙusa a gabanta, ta ce Allah ya tsare ba tare da ta ɗago kai ba, maƙwabta suka yaba da kawaicinta. Ni ce na ga tana kan faranti ɗaya har aka kira magariba.

Da farko yakan kira mu da wayar wani, murya tana yankewa, ya ce lafiya lau, ruwa ne kawai ke wuya. Inna ba ta karɓar wayar. Takan tsaya a bayana daidai inda za ta ji, tana yi kamar gyaran igiyar shanya take. Daga baya kiran ya ɗauke. Wata bakwai babu labari. Aka yi ta kawo maganganu, wai an yi faɗa a wajen haƙar, wai rami ya rufta da mutane. Duk wanda aka ce ya dawo daga can, Inna sai ta yafa laffaya ta tafi gidansu ta zauna. Ba ta iya tambaya kai tsaye, sai dai ta ce, "Yaran unguwarmu fa, kun gan su?"

Cikin zafin bazara ne ta shigo ɗakin Kaka wata rana da hantsi. Ina wurin ina tankaɗen garin magarya.

"Iya, ki yi min kiranye."

Kiranye shi ne maganin da ake yi don a taso wanda ya yi nisa ya dawo gida. Na san Kaka ta iya, amma ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. Mata da yawa sun roƙe ta a kan mazajensu, ta sallame su da hayaƙin ciwon kai.

"Kin san abin da kike roƙo?" in ji Kaka. "Kiranye ba ya tambayar mutum ko ya shirya. Taso shi kawai yake yi. Ko abinci yake ci zai tsame hannu, ko babu hanya zai kama hanya."

"Na sani."

"Kuma da bakinki za ki kira shi. Da sunansa, ba wancan ba."

Na ɗauka Inna za ta fasa. Sai ta ce, "Zan kira."

Kwana uku Kaka tana jan ƙafa, a na huɗu ta zaunar da ni. Abin da ake buƙata kauci ne, wannan tsiron da ke fitowa a kan reshen wata bishiya, ba shi da saiwa a ƙasa. A makaranta an koya mana tsuntsaye ne ke kai ƙwayarsa can. Kaka kuwa ta ce abin da bai taɓa taka ƙasa ba shi ne ke iya ɗaga ƙafar mutum daga inda ya kafa ta. Sai kaucin tsamiya, ta ce, kuma wanda suka sha nono ɗaya da mai tafiyar ne zai ciro. Da hannu za a karya shi, ƙarfe ba zai taɓa shi ba. Ba zai faɗi ƙasa ba. Daga gindin bishiyar har cikin gida kuma mai ɗauko shi ba zai yi magana da kowa ba. Ta kwatanta min wata tsamiya a unguwar Waliya, bayan gada, wajen lambuna, inda hanyar kogi ta rabu biyu. Rabonta da wurin tun gwiwoyinta suna da kyau.

Inna ta ba ni farin ƙyalle da zan naɗo shi. Ta riƙe hannuna da ƙyallen tare, ta daɗe ba ta saki ba.

Na tafi ranar Lahadi da sassafe. Na ƙetare gada, kogin ya janye har masunta suna tafiya a ƙafa a inda da sai da jirgi. Na sami inda hanya ta rabu biyu. Babu tsamiya. Filaye ne aka yanka, an kewaye su da bulo, ga kututture nan a jikin wata katanga, awaki biyu kwance a kai. Wani mai ban ruwan salak ya ce an sare ta tun shekarun baya, har itacen an gama ƙona shi. Na bi lambunan ina ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Mangwaro ne da dogon yaro, sai wata ƙaramar tsamiya da babu komai a kanta. Rana ta take, takalmina ya fara ƙona min ƙafa.

Na sha faɗa wa kaina cewa tausayin Inna ne ya sa na yi abin da na yi, don ba zan iya komawa in miƙa mata ƙyalle babu komai ba. Haka ne. Amma akwai sauran gaskiyar. Ban yarda ganye zai iya taso mutum daga nisan kwana da kwanaki ba. A raina abin na kwantar wa Inna da hankali ne, kauci kuwa kauci ne, ko daga ina ya fito. Ga jarrabawar bak ta gama sakandare saura 'yan makonni, ina da karatu a gida.

Na shiga mota na koma cikin gari, na sauka a kasuwa, layin masu magani. Wata tsohuwa ta baza kayanta a ƙasa a kan buhu, ga kauci nan ɗauri ɗauri.

"Iya, na tsamiya ne wannan?"

"Na duk bishiyar da kike so ne, 'yata."

Na zaɓi wanda ya fi ɗanye na naɗe shi a farin ƙyallen. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne, daga bakin kasuwa zuwa gida ban ce uffan ba. Mai babur ɗin da ya ɗauko ni da taɓa kafaɗa na riƙa nuna masa hanya, har ya ɗauka bebiya ce, ya yi ta min addu'a.

Kaka ta kwance ƙyallen a kan cinyarta. Ta juya kaucin, ta duba gindinsa, ta ɗago ta dube ni. Ta daɗe tana dubana.

"Kin sha rana," in ji ta.

Aka shanya shi a inuwa, aka daka shi da zare daga tsohuwar rigar Yaya, wadda ya bari a rataye ba a wanke ba. Gab da magariba Kaka ta zuba garwashi a sabuwar tukunyar ƙasa ta barbaɗa garin. Aka ce in koma zaure. Daga can na hango Inna ta durƙusa tana fuskantar arewa, ta lulluɓe kanta da tukunyar da laffayarta. Sannan na ji sunan.

Na farko bai fita daidai ba. Ta faɗe shi kamar kalmar wani yare da aka koya mata yanzu. Na biyu ya fi ƙarfi. A na uku muryarta ta cika tukunyar ta dawo kamar daga cikin rijiya, ta ja ƙarshen sunan yadda mata ke ja in suna kiran yaro ya shigo daga wasa, ta ce, "Zo gida." Shekara ashirin da shida sunan yana bakinta. Ta fito tana tari, idanunta jajir, ta wuce ta yi alwala.

Yamma uku aka yi haka. Bayan nan Inna ta canza. Ta share ɗakinsa, ta wanke zanen gadonsa, ta sayo kuɓewa busasshiya don miyar da yake so. Wata safiya na ji tana ɗan rera waƙa a wajen wanke-wanke. Na ce a raina, to ai maganin ya yi aikinsa, abin da ake so ke nan.

Bayan kwana goma sha shida wani mutum ya yi sallama da hantsi. Badamagare ne, siriri, leɓensa duk ya tsage. Yana riƙe da jakar Yaya. Ya zauna a zaure da Kaka, Inna tana bayan labule, ni ina tsaye da kwanon ruwan da bai karɓa ba. Ya ce rami ɗaya suke aiki. Ya ce Yaya lafiyarsa lau duk watannin nan, wurin da suka koma ne babu waya.

"Rana ɗaya ya tashi ya ce shi gida za shi, Hajiya. Muka ce ya bari a haɗa motoci biyu ko uku, ba a shiga wannan hanyar da mota ɗaya cikin zafin nan. Ya ce ba zai iya zama ba. Abinci ma a tsaye ya ci. Akwai wata mota da za ta taso ita kaɗai, ya hau."

Motar ta lalace a inda babu rijiya. Waɗanda suka biyo baya, har da shi mai ba mu labarin, su suka same su, su suka binne su a wurin.

Ban ji kuka daga bayan labule ba. Na ji dai wani abu kamar an ajiye buhu a ƙasa.

Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Mutane suka watse. Sakamakon bak ya fito na ci, ba wanda ya iya yin murna, har ni. Inna kuwa ta daina cin abinci. Ba wai ta ƙi ba ne da faɗa, takan karɓi kwanon ta gode, in an dawo a same shi yadda aka kai. Sallah kawai ke tayar da ita. In an matsa mata sai ta ce, "Ni na taso shi." Iyakar maganarta ke nan. Malamin unguwa ya zo ya yi mata nasiha a kan ajali, ta ce haka ne, Malam, ta koma ta kwanta. Kaka ta jiƙa mata tsamiya, ta dafa hulba, ta yi mata hayaƙin hano, ta haɗa wasu abubuwan da ban san sunansu ba ko da Hausa. A asibiti aka ƙara mata ruwa aka ce ba su ga ciwo ba. Awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Ni kuma ina yawo da abin da na sani. Kaucin da ta yi kira da shi na kasuwa ne, a ƙasa na same shi, ban ma san bishiyarsa ba. In ta ji haka, ko dai ta yarda ba ita ta taso shi ba ta tashi ta ci abinci, ko kuma ta ce ɓata maganin da na yi ne ya sa ya taso ta mummunar hanya, in rasa uwa tana raye. Na yi wata biyu ina auna waɗannan biyun.

Kaka na fara samu. Tana ɓare sassaƙen marke a bakin ƙofarta. Ban kai ƙarshen maganar ba ta tare ni.

"Na gani tun ranar. Abin da aka karya da hannu ba ya yin baki sumul haka. Wuƙa ce."

"Kika yi shiru?"

"Na yi hamdala ma. Ni ban so a yi ba tun farko. Na ce bari ta kira cikin hayaƙin banza ta sami sauƙi, shi kuma ya dawo lokacin da Allah ya nufa."

"To me ya taso shi, Kaka?"

"Ke da kika yi boko ba ki sani ba, ni zan sani?"

Na ce to mu gaya mata. Kaka ta ajiye sassaƙen ta share hannu a zaninta.

"Ni na haife ta, amma ban san abin da zai fito ba in an taɓa wurin nan. Tana riƙe da abin nan da hannu biyu. Ba na jin nauyinsa kaɗai take ji."

Ban gane ba a lokacin. Abin da nake gani shi ne uwata tana ƙarewa a kan tabarma.

Washegari da la'asar na dama kunun gyaɗa na kai mata. Tana kwance tana fuskantar bango. Na zauna wajen ƙafafunta na faɗa mata duka, kututturen da awakin, da tsohuwar kasuwa da abin da ta ce, har mai babur. Na ce maganin bai cika ko sharaɗi ɗaya ba. Na ce ba ita ba ce. Na ce ta yafe min. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari, har na matso da fuskata.

Ta juyo a hankali ta tashi zaune. Ta dube ni ba da fushi ba, kamar mai ƙoƙarin gane hanya a unguwar da aka rushe.

"Na kasuwa ne."

"Na kasuwa ne, Inna."

"Iya ta sani?"

"Ta sani."

A waje wata mai tallan kifi tana wucewa tana kira da Larabci.

"Ashe bai ji ni ba," in ji ta.

Sai a lokacin na gane maganar Kaka. Duk watannin nan Inna tana kwance da cewa ita ta kashe ɗanta, amma a cikin wannan akwai cewa ta kira shi sau ɗaya a rayuwarta, ya ji daga can ƙarshen ƙasa, ya tsame hannu daga abinci ya taso. Na zo na ɗauke mata laifin, na haɗa da wancan na tafi da su.

Na ce wataƙila ya ji, Inna, Allah ba ya buƙatar tsamiya kafin ya isar da muryar uwa. Na faɗa da gaske, har yanzu ma wasu ranakun ina ganin haka ne. Ta girgiza kai kaɗan. Ita a wurinta magani yana da ƙa'ida, abin da bai cika ba bai cika ba.

"Miƙo kunun," ta ce.

Ta shanye shi tas. Washegari ta ci tuwo. Cikin wata guda ta koma ɗinkinta, jikinta ya dawo, maƙwabta suka yi ta yi wa Kaka barka suna tambayar wane itace ne ya tashe ta. Ba ta zage ni ba, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da zan fara jami'a ita ta ɗinka min kaya. Tana tambayata ko na ci abinci, tana min faɗa in na yi yamma a waje. Wanda ya shigo gidanmu ba zai ga komai ba.

Bara wata mata daga Farsha ta zo wurin Kaka, ɗanta ya shekara biyu a Libiya babu labari. Kaka ta ƙi, kamar yadda ta saba. Matar ta fito tsakar gida tana share hawaye, ta ce za ta nemi wani ya yi mata, ai tana da 'ya da za ta ciro mata kaucin. Inna tana kan keken ɗinki, ni ina gefenta ina warware mata zare. Ta tsayar da keken.

"In za ki yi, 'yar'uwa," ta ce, "ki aiki wanda ba ya tausayinki."

Ba ta dube ni ba. Matar ta yi godiya ta fita, Inna ta miƙo hannu na sa mata zaren, ta lashi bakinsa ta zura a allura.